Mai Dangwale da Robarsa ta Ruwan Ɗumi

Shugaban ofishin takardun 'yan gudun hijira, da kai nake. Kai ka kori Mai Dangwale, ba tsufa ba. Ka ba shi takarda mai hatimi ka ce ritaya ce, ka tara ma'aikata suka tafa masa, alhali ina wurin ranar da ka yanke masa hukunci da ƙwayar idonka, tun kafin ka ɗauki biro. Ka kore shi saboda robar ruwan ɗumi, da kuma gaskiyar da ya faɗa gaban baƙinka. Da ka kore shi kuwa, ka toshe mini hanyar zuwa wurin 'yata da ke kwance a wata ƙasa. Saura kwana goma sha shida izinin shiga da aka ba ni ya mutu. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kanka. Bari in fara gaya wa jama'a ko wane ne ka kora.

Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta zuba wa maganata suga. Wankau ce sana'ata tun da yaƙi ya koro mu, shekara goma sha tara ke nan. Ban san sunan doka ba, amma na san mutumin kirki in na gan shi.

Shekara ashirin da shida Mai Dangwale ya yi yana ɗaukar zanen yatsun mutane a ofishin nan. Da tawada ya fara, daga baya aka kawo na'ura. Kullum kafin maigadi ya zare sakatar ƙaramar ƙofa yana tsaye da kekensa, fulas biyu rataye a gaba. Ɗaya na shayinsa ne, ɗaya ruwan zafi ne zalla. Ɗakinsa shi ne na ƙarshen baranda, kusa da bayi, inda fanka ke kuka kamar ana bin ta da sanda. Zai goge gilashin na'urar da wani farin ƙyalle da ba ya yarda kowa ya taɓa. Zai ciro koriyar roba daga ƙarƙashin tebur, da kwalbar man shafawa, da tawul. Sannan ya fito ya bi masu jira a benci ɗaya bayan ɗaya.

Sauran ma'aikata lamba suke kira. Shi gaisuwa yake yi, sannan ya ce, "Mu ga hannu."

Ba ya tambayar sana'arka, tafin hannunka ne ke gaya masa. "Baba, siminti ya ci rabonsa a nan." "Gwaggo, allura ce ko ƙaya?" Wanda ya ga yatsunsa lafiya sai ya tura shi gaba. Wanda ya ga sun goge sai ya ja shi gefe, ya sirka ruwa, ya ce a tsoma.

Ga abin da jama'ar waje ba su sani ba. Manyan ƙasashe sun zauna sun yi yarjejeniya cewa wanda yaƙi ya raba da ƙasarsa, ba shi da fasfo, ba shi da inda zai je ya nema, a ba shi ɗan littafin tafiya ya ratsa iyaka kamar kowa. Madalla, Allah ya saka. Sai suka ƙara da cewa ba littafi sai na'ura ta karanta yatsu goma. Waɗanda suka rubuta wannan hannunsu bai taɓa matse jiƙaƙƙen bargo ba. Ba su san sabulu da siminti da fartanya suna cinye zanen yatsa ba, har ya koma sumul kamar bayan cokali. Ka ɗora a gilashi, jar wuta. Ka sake, jar wuta. Sau uku, na'ura ta kulle sunanka sai wani mako.

Mai Dangwale shi kaɗai ya zauna ya koyi halin na'urar nan kamar yadda ake koyon halin kafaffen jaki. Ya gane ba ta son yatsa mai sanyi, ba ta son busasshe. A jiƙa a ruwan ɗumi, a tsane, a shafa mai kaɗan kamar hawaye, a goge. Ba a dannawa, mirginawa ake yi daga gefen farce zuwa gefen farce. Kuma da ƙaramin yatsa yake farawa, don shi ne aiki bai cika ci ba. Yakan ce, "In ta ga ƙanin ta saki jiki, sai mu kawo mata yayyen."

Ba ni kaɗai na gani ba. Ku tambayi maginin da ya yi wata bakwai ana koro shi, yau yana can tare da iyalinsa. Ku tambayi matar da hannunta ke rawa tun abin da idonta ya gani a garinsu. Ina zaune ya riƙe hannun nan yana tambayarta awakinta, nawa ne, wace ce mai ɓarna, wace ce ta haifi biyu, har ta manta da kanta hannun ya kwanta, koriyar wuta ta kama. Ku tambayi dattijon da harsashi ya tafi da yatsunsa uku. Kowace taga ta ce masa goma ake so, kamar zai koma ya tsinto su a daji. Mai Dangwale ya ciro yarjejeniyar daga aljihun tebur, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya. Ashe su manyan da kansu sun rubuta cewa wanda yatsunsa ba sa karantuwa, likita ya shaida, shugaban ofis ya sa hannu, a ba shi littafinsa. Shafin nan ya yi baƙi don buɗewa, kuma yatsan mutum ɗaya ne ya baƙanta shi a duk ginin.

Ni kuwa ga yadda na faɗa hannunsa. Daren da muka gudu, 'yata ta bi motar dangin babanta, ni kuwa na gudu a ƙafa. Shekara goma sha ɗaya ban san ko tana raye ba, sai da waya ta haɗa mu. Ta yi aure a can, 'ya'ya uku. A haihuwar na ukun ɓarin jikinta ya shanye. Mijinta direban babbar mota ne, in ya tsaya ba su ci. Jaririn yana kuka kusa da ita, ba ta iya ɗaga shi. Hannu take bukata, ni kuwa hannu kaɗai na mallaka. Mijin ya yi ta zirga-zirga har ƙasar ta ba ni izinin shiga na kwana casa'in, da sharaɗin a manna shi cikin littafin tafiya.

Na je, na ɗora, jar wuta. Mai Dangwale ya juya hannuna a haske ya girgiza kai.

"Inna, wa ya sace miki zanen yatsu?"

"Sabulu ne da kayan mutane."

"To, ɓarawon nan mun san gidansa. Naki ya wuce jiƙo. Kwana goma za ki ba ni."

"Kwana goma na me?"

"Na zaman sarauniya. Ba wanki, ba wanke-wanke, ko cokali kada ki ɗauraye. Mai safe da yamma. Fatar za ta dawo da kanta."

Na ce, "Kai ɗan nan, in ci me? Man zan lasa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya leƙa baranda ya ƙwala kira, "Uwar Layi! Ga wata sabuwar amarya."

Uwar Layi wata 'yar'uwarmu ce mai wankau, ta samu sunan ne don ko yaushe ka zo ita ce a bencin farko. Ita ta bayyana mini abin da suke kira adashin hannu. Mai Dangwale ne ya ƙirƙiro shi. Mata goma masu wankau, duk yatsu a goge. Ɗaya ta zauna kwana goma, tara su raba kayan gidajen da take yi wa wanki, su wanke, su goge, su kai da sunanta, don kada a ba wata wurinta kuma kada tukunyarta ta huce. In aka ɗauki yatsunta sai ta koma bakin famfo, ta gaba ta zauna. Da suka ji labarin 'yata, ba musu suka tsallake da ni gaba. Uwar Layi ta ce, "Ki zauna, sarauniya. Amma in kika yi ƙiba ba ruwanmu."

To ranar goma ɗina ta faɗo daidai ranar da jakadun ƙasashen yarjejeniya za su zo duba ofis. An yi wa baranda fenti. An aro tukwanen furanni. An ce wa maigadi kada ya bar tsofaffi su shigo, wai muna sa wurin ya yi kama da asibiti. Mai Dangwale ya samu maigadi ya ce masa, "Baƙi sai sha biyu. Ba ni ita da takwas, kafin tara ta fita. Kwana goman nan ba nata ba ne ita kaɗai, na mata tara ne, ba zan ƙara musu ko yini ba."

Ya shigar da ni ta baya. Ya sirka ruwa, na tsoma. Ya tsane, ya shafa, ya mirgina. Ƙaramin yatsa, kore. Mai bi masa, kore. Ina lissafi a zuciyata ina salati. Mun kai shida, sai ƙofa ta buɗe. Ashe jirgin baƙi ya sauya lokaci.

Kai ne a gaba, Shugaba, da kwat mai ƙyalli. Bayanka wata jakadiya mai furfura da tabarau rataye a wuya, da masu ɗaukar hoto, da tafinta. Tafintan ne ya gaya mini daga baya cewa a barandar nan ka gama shaida musu na'urarka tana karanta kowa, ba tawada, ba ruwa, ba jinkiri. Sai ga tsohuwa da hannu ɗaya cikin roba.

Jakadiyar ta nuna robar ta tambaya. Ka yi wuf ka ce tsohuwar ce ta zo da kayanta. Ita kuwa ta juya ga Mai Dangwale. Da ya so, da ya sunkuyar da kai, yau yana kan kujerarsa. Sai ya miƙe ya yi magana da harshenmu, don in ji, tafinta yana juyawa.

"Ranki ya daɗe, robata ce. Na'urar nan ba ta ganin hannun da ya yi aiki. Cikin tsofaffi goma, huɗu sai an jiƙa. Wasu ko an jiƙa ba ta gani, sai an bi da su ta shafi na goma sha ɗaya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage ka ba, bai ambaci sunanka ba. Jakadiyar ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Ta kama hannuna, aka ɗau hoto. Tafinta ya ce, "Ta ce hannunki tarihi ne." Na ce, "Gaya mata hannun nan tafiya yake so ya yi." Bai gaya mata ba, idonsa yana kanka. Suna juya baya ka miƙa hannu ka danna maɓalli, fuskar na'urar ta yi baƙi. Yatsu shida suka tafi. Kwana goma na mata tara suka bi ruwa.

Mako bai cika ba aka ba Mai Dangwale takardarsa. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Aka liƙa sanarwa cewa ba ruwa ba mai a ɗakin na'ura. Aka jefa robar a shara, maigadi ya tsince ta ya ba ni a ɓoye.

Tun ranar, sau shida ina zuwa. Wanda aka sa a gurbinsa ba mugu ba ne, amma danna yatsa yake yi kamar mai kashe kuɗin cizo, ga na'urar sanyi a kanmu. Sau uku, jar wuta, sai wani mako. Na jiƙa a gida, kafin layi ya zo kaina awa huɗu sun wuce, hannu ya bushe. Na zo da fulas ɗina, aka karɓe a ƙofa. Na nemi shafi na goma sha ɗaya, ga takardar likita a ɗaure a bakin zanena, aka ce sai Shugaba ya sa hannu. Shugaba yana taro. Shugaba ya yi tafiya. Shugaba ya dawo ya gaji. Na gane dalili: in ka sa hannu, ka yarda ke nan gaskiya Mai Dangwale ya faɗa.

Kuma kun san abin da ke rataye a barandar da nake zaman jira? Hoton hannuna cikin hannun jakadiya, an ƙara girmansa ya kai faɗin ƙofa. Na tambaya aka karanta mini rubutun ƙasansa: "Hannu da hannu, hanya a buɗe." Hannuna ya shiga jaridu ya zaga ƙasashe, ni mai shi ko iyaka ɗaya ban ratsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau kwana hamsin da huɗu matan nan tara suna wanke kayana. Ta bayana ba ta samu zama ba, wai ta zauna don wa? Uwar Layi hannunta ya tsage har yana jini, na ce bari in koma bakin famfo, ta ce, "Ki taɓa ruwan nan ki gani, sai na karya miki hannun da kaina." 'Yata kuwa in ta kira, da karkataccen baki take cewa, "Inna, kin taho?" Ina jin jaririn a bayanta. In ce, "Na kusa." Tsofai-tsofai da ni an mai da ni maƙaryaciya.

Makon jiya na nemi gidan Mai Dangwale, don in roƙi gafara. Matarsa ta tare ni a zaure ta ce, "Ki yi masa magana, Inna. Har yanzu kullum sai ya dafa ruwa ya cika fulas biyu, sai ya kai ƙofa ya tuna." Na same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Ya rame. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Mu ga hannu." Ya kai shi haske ya daɗe yana dubawa.

"Inna, zanen ya dawo. Ya fi na amarya. Minti ashirin ya ishe ni."

Na ce, "Da na san abincinka zan zubar, da ban shiga ƙofar bayan nan ba."

"Da ba ke ba ce, wata ce. Robar ta daɗe tana jiran ranarta."

Ya rubuta yadda ake yi a 'yar takarda, ɗaya bayan ɗaya, ya ce in kai wa magajinsa. Na kai. Ya karanta, ya ninke, ya ɗaga kai ya dubi kyamarar da ke saman ƙofa, ya ce a hankali, "Inna, ni ma 'ya'ya gare ni." Ban ga laifinsa ba. Ya ga abin da aka yi wa na gaba.

Mai Dangwale, ka ce kada in kai maganar nan jarida. Ka yi haƙuri, na girme ka, ba ka isa ka hana ni ba. Kai ne wanda ya durƙusa gaban hannayen da kowa ke ƙyama, masu kanta da tsaguwa da warin sabulu, ka riƙe su kamar ƙwai. Kai ne ka karanta abin da manya suka rubuta suka manta, ka cika musu alkawarin da suka ɗauka a ɗakunan taro, da ruwan da ka dafa a gidanka da man da ka saya da aljihunka. Su sun sa hannu sau ɗaya aka tafa musu. Kai ka riƙe hannu dubu ba wanda ya san sunanka. Ruwan ɗumi, maganin bushewar zuciya. Na gode, a madadina da mata tara, da magini, da dattijo mai yatsu bakwai, da duk wanda yau yake cin abinci da 'ya'yansa a wata ƙasa saboda kai. Allah ya riƙe hannunka ranar da ba mai riƙewa sai shi.

Ku kuma ma'aikatan tagogi, a nan da ko'ina, ba wani sihiri ya yi ba. Ya dubi hannu kafin ya dubi na'ura, shi ke nan. Roba da fulas ba su fi ƙarfinku ba. Ku koya tun yana raye, gidansa a buɗe yake, kuma ruwan yana nan a dafe.

Ke ma jakadiya, abin da kika rubuta a ɗan littafinki yana ina? Ke kika yi tambaya, ya ba ki amsa, aka cire shi. Kin ɗauki hoton kin bar mai hannun.

Na dawo kanka, Shugaba. Saura kwana goma sha shida, kuma littafin kansa sai ya yi kwana goma sha biyu kafin ya fito. Ko ban yi boko ba na san huɗu suka rage. Ba sadaka nake roƙo ba, abin da ƙasashe suka rubuta mini nake nema. Ko ka sa hannu a shafi na goma sha ɗaya, ko ka buɗe wa Mai Dangwale ƙofa ya shigo da robarsa na minti ashirin. Kuma ko ka yi ko ba ka yi ba, sai ka faɗa wa jama'a laifin da ya yi, da bakin nan da ka faɗa wa baƙi cewa na'urarka tana karanta kowa.

Daga gobe ina bakin ƙofarka da koriyar roba a cinyata, daidai inda motarka ke tsayawa kafin a buɗe mata. Ba za ka kasa gane ni ba, ni ce mai hannun da ke rataye a barandarka. In wa'adin nan ya mutu 'yata tana kwance, jikana yana kuka ba mai ɗaga shi, ba na'ura za a tambaya ba. Sauke gilashin motarka, Shugaba, ka dube ni, ka ba ni amsa.